Sanfefa Mai Lamba Dubu Biyu

Ran Talata Eulogio ya kawo jitarsa
a nannaɗe cikin bargon jarirai,
ya kwantar a bencin kawuna Crisanto
kamar mai kai majinyaci asibiti.
Shekara goma sha tara yana kaɗa ta a cikin bas,
Paracho zuwa Uruapan, Uruapan zuwa Paracho,
yana miƙa hula, ana jefa masa canji.
Ran Asabar 'yarsa za ta gama makarantar jinya,
shi zai yi kiɗa a gaban malamanta.
Ya ce murya kam lafiyarta ƙalau.
Ya nuna baƙar garkuwar da ke ƙasan tsirkiya,
wadda farce da makaɗi suka tone
kamar inda kaji suka yi kiwo.

Kawu bai ɗago daga tukunyar gam ba.
Ya ce, Nereida, aikinki ne.

Na rufe katakon da takarda, na liƙe gefuna,
na jiƙa sanfefa mai lamba ɗari takwas
a kwanon ruwa da ɗigon sabulu.
Shafa uku, gabana ya faɗi.
Ɗan sheƙin da ya rage a kusurwa ya mutu,
baƙin ya dusashe
kamar idon kifin da ya kwana a kasuwa.
Na ce, kawu, na ɓata ta.
Ya ce, ƙara ɓata ta.
Karce ba ya fita sai da karce.
Babba, ki binne shi da ƙanana dubu,
ƙananan ki binne su da ƙannensu,
har ido ya gaji da nema
ya haƙura ya ce madubi ne.

Dubu da ɗari biyu, a kwance.
Dubu da ɗari biyar, a tsaye.
Ruwan sama ya zo ya buga kwanon rufi, ya wuce.
Ƙararrawar coci ta yi biyar ban ji huɗu ba.
Yatsuna suka yamutse kamar na tsohuwa,
ruwan kwano ya koma ruwan toka.
Akwai wani rami kusa da bakin jita,
inda hannunsa ke sauka idan bas ta faɗa gargada;
na bi shi, na bi shi.
Kawu ya kama wuyan hannuna:
bari, ƙasansa babu sauran roba.

Dubu biyu ba ta da haƙori,
sai ka ce da ganye kake shafa.
Sannan man gogi, ɗan kaɗan, kamar ƙwayar wake,
da tsumma daga tsohuwar rigar kawu,
ƙananan da'irori, har wurin ya yi ɗumi.
Ƙwan lantarki ne ya fara fitowa daga cikin baƙin.
Sai taga.
Sai jitoci bakwai da ke rataye, marasa tsirkiya.
Sai wata yarinya da ƙurar katako a gira
tana kallona, baki buɗe.

Ran Juma'a Eulogio ya dawo.
Ya leƙa, ya ga giɓin haƙorinsa a ciki, ya yi dariya,
ya gyara hula.
Ya rungume ta, ya ɗaga hannu,
hannun ya tsaya a sama,
ya ƙi sauka.
Kawu ya ce, don rataya muka gyara?

Ya runtse ido ya kaɗa.
Shagon ya cika har rufi.
Da ya ɗauke hannu
ga wani siririn layi, sabo, fari kamar gashin tsufa.
Na ji shi har cikin haƙorana.

Ya ƙirga kuɗi a tafin kawu, rabi duk canji ne,
ya nannaɗe ta, ya ruga don bas ɗin ƙarfe shida.
Kawu ya koma kan gam.
Na zubar da ruwan kwano a bakin ƙofa,
na shanya sanfefar a taga.
Ba ta ƙare ba,
za ta ƙara yin wani aikin.